Takardar da Ta Faɗo Daga Hular Salmanu

Masu karatu, a wannan karon ba ni ce abar tausayi ba. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya ɓata hawayensa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sakina, 'yar garin Mai Wurno ce ni, gidanmu na kallon kogin da ke gangarawa Sinnar. Shekara bakwai na yi a Umdurman ina karatu. Na dawo a 1976 da takardar malanta, da farin tob, wato lafayar matanmu, guda biyu na zuwa aiki, da wani hali da Goggo Asabe, yayar Baba, take kira hancin birni. Aka ba ni aji uku a makarantar 'yan mata. Ba a yi wata biyu ba magabatan Salmanu suka zo, Baba ya karɓi goronsu.

Salmanu makanike ne, irin waɗanda muke kira Usta, a tashar ban ruwa da ke bakin kogi. Dogo ne, ba ya da yawan magana, kuma duk wankin da zai yi wa hannunsa sai ka ga baƙin mai a gefen farcensa. A shekarar aka kawo sababbin injunan jan ruwa daga Japan, tare da wani injiniya gajere mai suna Kuroda, wanda duk gari ke kira Muhandis. Shi ya zaɓi Salmanu ya je ƙasarsu koyon aiki na wata tara. Gidajenmu biyu suka tsayar da magana: a ɗaura aure ranar Laraba, ya hau jirgin ƙasa a Sinnar ranar Alhamis.

Har nan babu abin da ya dame ni. Abin da ya dame ni Sawsan ce.

Sawsan 'yar Kawu Jibirin ce, ƙanin Innata, wato taubashiyata. Tare muka yi wasan ƙasa. Ita ba ta je Umdurman ba, buga tafireta ta koya a Sinnar, ta sami aiki a ofishin tashar. Muhandis ya ce ba zai tura mutum ƙasarsu bai iya roƙon ruwan sha ba, don haka kullum bayan an tashi aiki yana zaunar da Salmanu a gindin darbejiya yana koya masa Japananci. Da ya ga munin rubutun Salmanu, sai ya kira Sawsan ta riƙa rubuta masa darasin a kan kati. Kujera uku ke nan a gindin bishiya ɗaya, kullum, har rana ta yi sanyi. Ni kuma ina gida ina duba littattafan yara.

Wata ranar Asabar Salmanu ya zo zance da wani gwangwanin alawa a hammata. Ina zaune a bakin angareb, gadon igiyarmu, a ƙarƙashin rumfa, na sa shuɗin tob ɗina mai ɗigon fari saboda shi. Bai ko lura ba. Ya buɗe gwangwanin, cike da katuna, an yanka su daidai wa daida daga tsohon fayil.

"Ustaza, yau ke za ki yi mini jarrabawa," ya ce. Ya ɗaga guda: 川. "Mene ne wannan?"

"Kaza ta taka tawada."

"Kogi ne. Kawa. Dubi, gaɓa nan, gaɓa nan, ruwa na gudu a tsakiya. Sawsan ta ce in na manta in tuna kogin garinmu."

"Madalla da Sawsan."

"Ga bayan katin. Kawa wa ookii desu. Kogin babba ne."

"Sai da ka koyi Japananci ka san kogin babba ne, Usta?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya ɗauko wani, 水, ya ce mizu, ruwa. Ya ɗauko 火, ya ce hi, wuta. Ya ce Sawsan ta fi shi saurin kamawa. Ya ce Sawsan da alƙalamin kara take rubutawa, irin na makarantar allo, don Muhandis ya ce shi ya fi kama da burushin ƙasarsu. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya ya kira sunanta kafin shayinsa ya huce.

"Ki riƙe katin kawai, ki ga ko na faɗa daidai," ya ce.

"Yini nake ina koyar da yara. Ba ni ƙara aji da yamma."

Ya mai da murfin a hankali. Da zai tafi ya ce ɗakinsa na tasha duk mai ne, ko zan bari ya riƙa ajiye gwangwanin a kan katangar zaurenmu, ya ɗauka da azahar in zai koma aiki. Na ce zauren na Baba ne, ba nawa ba. Ya ajiye.

To, masu karatu, ga abin da na yi. Kullum da sassafe, kafin in tafi makaranta, sai in ɗauko gwangwanin in shiga ɗaki in tura ƙofa. Ba ilimi nake nema ba. Nema nake in ga inda ta ɓoye masa magana. Na san mata, ni ma mace ce. Wadda ta sami harshen da duk garin mutum uku kaɗai ke ji, na ce ba za ta tsaya a kan ruwa da wuta ba.

Kowane kati, a gabansa harafi ɗaya ne babba. A bayansa jimla ɗaya gajeriya, ƙarƙashinta yadda ake furtawa da haruffan Larabci, ƙarƙashin wannan kuma ma'anar. Sai na ware ƙarshen littafin shirya darasina ina kwafewa. Kuma da yake hannun malama ya saba, kowane shafi sai na sa masa kwanan wata a sama.

Mizu o kudasai. A ba ni ruwa.

Yama wa takai desu. Dutsen dogo ne.

Kyou wa atsui desu. Yau ana zafi.

Mako biyu ina cikin wannan, ban kama komai ba, amma ban huce ba. Ranar da na ci karo da 女, onna, mace, na ce yau na kama ta. Na juya katin. Ano onna no hito wa dare desu ka. Wace ce waccan matar? Na ce da ni take. Ranar ban ci abincin rana ba. Bayan kwana uku ga wani: Watashi wa eki de machimasu. Zan jira a tasha. Da hannunta, da tawadarta, kuma katin na ƙamshin humrar da take shafawa, don a jakarta take ɗauko su. Na zauna a bakin gado ina kallon jimlar nan har na makara, shugabar makaranta ta yi mini magana a gaban yara.

Na sani, Muhandis ne ke faɗa tana rubutawa. Sanin bai hana ni komai ba.

Cikin mako bakwai na haddace harafi tamanin da 'yan kai, da ƙananan haruffan da ke haɗa su. Salmanu yana fama da hamsin. In ya zo zance yana lalube a kan 目 da 日, wanne ne ido wanne ne rana, amsar na bakina, amma sai in kau da kai in ce sauro ya yi yawa.

Saura kwana goma sha biyu ɗaurin aure, ranar Juma'a, ya biyo ta gidanmu zai wuce Madani karɓar fasfo da gwajin likita. La'asar ta same shi a tsakar gida. Ya ɗebi ruwa a randa ya tsuguna alwala. Da ya tura hularsa baya zai shafi kai, wata 'yar takarda ta zamo ta faɗi bayansa. An ninke ta ƙanana ƙanana, ba ta fi kan yatsa ba. Goggo Asabe na zaune kusa tana tsince wake. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta miƙa ƙafa ta taka takardar, ta ci gaba da tsintarta har ya yi sallama ya tafi neman lori.

Sannan ta ɗaga ƙafar.

"Dije, taho ki gani," ta kira Inna. "Ke ma hancin birni, taho."

Ta warware a kan cinyarta. Gida tara ne, uku sau uku, an ja layinsu da tawada, kowane gida an sake raba shi huɗu da siririn layi. A cikin kowanne harafi ɗaya. Na farko 田, akwati cikin akwati. Na ƙarshe ɗan zobe ƙarami shi kaɗai a lungu.

Wanda ya tashi a garinmu ya san abin da ke da gida tara, aka ninke shi aka cusa a hular namiji. Inna ta dafe ƙirji tana salati a hankali.

Ni kuwa kallo ɗaya na yi masa. Ta ni mizu ga arimasu. Akwai ruwa a gona. Muhandis ne ya ce a riƙa ba shi jimla ɗaya kullum ba fassara, ya riƙa dubawa a wurin aiki, kuma gidajen don hannu ya saba da girman harafi ne. Salmanu da bakinsa ya faɗa mini. Jimlar ma tana bayan wani kati a gwangwanin, na kwafe ta sau ashirin, don 田 ya ba ni wuya.

Goggo ta kai takardar hancinta. "Humra. Wanga ba ƙamshin namiji ba na. Sakina, hannun wa?"

"Na Sawsan."

"Kin tabbata?"

"Na san hannunta."

"To ke da kika yi boko har shekara bakwai, mi anka rubuta?"

Masu karatu, kalma huɗu ce amsar. Akwai, ruwa, a, gona. Na ga bishiyar nan da kujeru uku. Na ga katin tasha.

"Ba a koya mana wannan a Umdurman ba," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina riƙe da wannan, kamar zai wanke ni.

Washegari Goggo ta sa baƙin mayafinta ta kai takardar wurin Faki Abdulmuttalib, tsohon malamin unguwarmu, wanda ya yi wa rabin garin rubutun sha tun muna jarirai. Mutumin kirki ne. Ya sa tabarau, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya buɗe littattafansa biyu, ya ce shi dai shekara hamsin yana wannan aiki bai taɓa ganin irin wannan hatimi ba, don haka ba zai ce komai a kai ba. Goggo ta fito ta ce wa matan da ke bakin famfo, "Faki ma ya ji tsoro nai." Kafin azahar maganar ta kai kasuwa: 'yar Jibirin ta samo asiri daga nesa za ta ƙwace mijin taubashiyarta.

Sawsan ta rantse darasi ne. Ta faɗi ma'anar. Aka ce to da me za ta ce? Ta ce a ɗauko gwangwanin a duba. Goggo ta ce gaba da baya duk hannunta ne. Muhandis yana Hartum, Salmanu yana Madani. Kawu Jibirin, wanda ke da rumfar tsaba a kasuwa kuma ba ya son a nuna shi da baki, ya ce daga ranar ta bar zuwa ofis.

Ranar Litinin aka yi zaman jabana a gidan maƙwabciyarmu da ta haihu. Ku da ba ku san garinmu ba, jabana gahawa ce da ake dafawa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, da citta, mata su kewaye ta. Duk unguwar an san babu mai dafa ta kamar Sawsan. Ta zo da tob ɗinta ruwan lemo, da agogon hannunta, kanta a sama. Ta soya, ta daka, ta dafa, ta zuba a ƙananan finjalai ta zagaya da faranti. Ta farko ta ce tana azumi. Ta biyu ta ce cikinta. Ta uku ko uzuri ba ta kawo ba. Finjali goma sha biyu suka dawo a cike.

Ta zo gabana a ƙarshe. Ta rage murya.

"Taubashiya, ke ma azumin kike?"

"Na sha a gida."

Ta dube ni, ba fushi a idonta, kamar mai jiran in ƙarasa magana. Ban ƙarasa ba. Ta ɗauki farantin ta zubar a gindin bango.

In ce muku ban ji daɗi ba, na yi ƙarya. Na ji. Kujera ɗaya ta ragu a gindin bishiya.

Salmanu ya dawo ranar Talata da hantsi. Kafin ya sauke jakarsa yayarsa Huseina ta faɗa masa komai. Da la'asar Baba ya tara mu a ƙarƙashin rumfarmu: shi, da Faki Abdulmuttalib, da Kawu Jibirin da 'yarsa, da Inna, da Goggo. Ni ina bakin ƙofar ɗaki. Salmanu ya zo da jallabiyar tafiyarsa, ƙurar hanya ba ta ko fita daga gashin girarsa ba. Ya gaida manya, ya karɓi takardar, ya karanta da ƙarfi, yana tuntuɓe a harafi na huɗu.

"Ruwa ne a gona, Baba. Wallahi shi ke nan. Ni na ce ta yi mini ƙarama don ta shiga hula, aljihuna duk mai ne."

"Kun ji ko?" in ji Goggo. "Shi da kai nai yac ce a sa mai a hula. Wanda anka yi wa abu ai ba shi sani. Ɗan nan, yaushe rabonka da ka yi zance ba ka kira sunanta ba?"

Salmanu ya miƙa wa Faki takardar.

"Asabe, a bi a hankali," in ji Faki.

"A hankali munka bi har ta kai ga hula. Malam, ga hanya mai sauƙi. In ruwa na a gona, a wanke shi a ƙwarya ta sha gabanmu. In ba komi, ba komi."

Kawu Jibirin ya sunkuyar da kai. Inna tana kallon ƙaninta, tana kallon yayar mijinta, ta rasa inda za ta sa ido. Baba ya yi shiru, shirun nan nasa da ke nufin a yi. Aka ɗebo ruwa a ƙaramar ƙwarya aka ajiye a tsakiyar tabarma.

Sawsan ta gyara tob ɗinta, ta matso, ta durƙusa gaban ƙwaryar. "A jiƙa, Malam. Tawadar ofis ce, ba ta kisa."

Sai Salmanu ya matso shi ma, ya durƙusa a ɗaya gefen.

"In za ta sha, rabi nawa ne," ya ce. "Saboda ni ta rubuta."

Masu karatu, na so in ce muku tausayi ne ya tashe ni, ko tsoron Allah. Ba su ba ne. Na ga ƙwarya ɗaya, na ga bakinta zai taɓa gefen, na ga za ta miƙa masa ya sa nasa bakin a wurin, a tsakar gidanmu, a gaban ubana, saura kwana takwas a ɗaura mana aure. Wannan ne ban iya ba.

"Kada a jiƙa," na ce.

Na zo na karɓi takardar daga hannun Faki. Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. "Ta ni mizu ga arimasu. Wannan gona. Wannan ruwa. Waɗannan na ƙarshe, akwai. Zoben nan aya ce, ƙarshen magana."

"Ji kika yi sun hwaɗi," in ji Goggo.

Na shiga ɗaki na ɗauko littafin shirya darasina, na buɗe ƙarshensa na ajiye a gaban Faki. Ya gyara tabarau. Ya bi shafin da yatsa, ya dubi takardar, ya koma shafin. Ya juya na gaba, da na gabansa.

"Hannunki ne wannan, ɗiyata?"

"Nawa ne, Malam."

"Sau nawa kika rubuta wagga magana ta gona?"

"Ashirin."

Ya cire tabaran ya dubi Goggo. "To Asabe, in asiri na, ɗiyar ƙanenki ta yi wa kanta shi sau ashirin, da hannunta, a littafin gwamnati." Ya ɗauki ƙwaryar ya kurɓi ruwan, ya ce dama ƙishi yake ji.

Kawu Jibirin ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Goggo ta ce ita dai abin da ta gani ta faɗa, kuma wa ya ce a riƙa zana darasi kamar laya. Baba yana kallona, na kasa gane kallon.

Salmanu ne ya jawo littafin gabansa. Ba jimlolin yake dubawa ba, saman shafukan yake bi. Ya koma na farko, ya ga kwanan watan. Ya daɗe a kai.

"Mako bakwai," ya ce. Bai ce Ustaza ba. "Sakina, ranar Juma'a da Goggo ta tambaye ki, kin iya karantawa?"

"Na iya."

"Ranar Asabar da aka kai wa Malam?"

"Na iya."

"Ranar da aka hana ta aiki?"

Amsar ba ta canja ba.

"Ni kuma ina zuwa nan ina lalube tsakanin ido da rana, kina ce mini sauro."

Sawsan ta miƙe tana kakkaɓe gwiwarta. "Ai ni na san tana karantawa, Usta. Katunan suna dawo mini da ƙurar alli, kuma a jere daidai, kai kuwa ba ka taɓa jera komai daidai ba sai sifana." Ta juyo gare ni. "Shi ya sa na kawo miki finjalin a ƙarshe. Na ce ko duk sun ƙi, ke kin sani."

Ta bi bayan ubanta suka fita. Salmanu ya yi wa Baba sallama, ya yi wa Inna, ya yi wa Faki. Ya ɗauki gwangwaninsa a kan katangar zaure ya tafi da shi.

Kwana shida ba ƙafarsa. Huseina da ke zuwa kullum maganar ɗinki da lalle ta daina zuwa. Inna ta ci gaba da turara mini kaya da sandal kamar ba abin da ya faru, amma na ji ta tana tambayar Baba a hankali ko mutanen sun aiko, ya ce ba su aiko ba. Ba su ce an fasa ba, ba su ce ana nan ba. Goggo ta koma cewa dama ɗan mai bai dace da malama ba. Sawsan ta koma ofis. Daga tagar ajina ana hango bishiyar, na ƙirga kujerun, uku ne.

Ranar Litinin, saura kwana biyu, na dawo daga makaranta na tarar da gwangwanin a kan katangar zaure, a inda ya saba zama. Inna ta ce shi da kansa ya kawo, bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba.

Na shiga ɗaki na buɗe. Tsofaffin katunan na nan duka, a hargitse. A samansu akwai sabo guda ɗaya. Wannan ba hannun Sawsan ba ne. Layukan sun karkace, tawada ta taru a wuri biyu, ga tambarin babban yatsa na baƙin mai a gefe. Jimla ɗaya ce. Na gane farkonta, watashi, ni. Na gane na biye, anata, ke. Su kuwa mutanen nan sai a ƙarshe suke faɗin abin da wani zai yi wa wani, kuma harafin da ke ƙarshen ban taɓa ganinsa ba. Na juya bayan katin. Fari fat.

Na zazzage gwangwanin a kan gado, na bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Babu shi. Na bi littafina shafi shafi. Babu. Zai iya zama na yafe miki, zai iya zama na bar ki. Mutum uku ne a garin nan za su iya faɗa mini. Ɗaya shi ya rubuta. Ɗaya Muhandis ne, kuma 'yar Baba ba za ta je tasha ta miƙa wa baƙon namiji wasiƙar mijin da za ta aura ba.

Ya san haka sarai lokacin da ya bar bayan katin fari.

Ban canja farin tob ɗin aiki ba. Na sa katin a cikin littafina, na bi ta bayan masallaci don kada matan famfo su ga inda na nufa. Sun gani duk da haka.

Sawsan na tsakar gidansu ita kaɗai, a kan 'yar kujera, gaban murhun gawayi. Ta amsa sallamata ba ta tashi ba. Na miƙa mata katin. Ta karɓa ta karanta. Na zuba wa fuskarta ido, irin yadda nake yi wa yaran da nake zargi da satar amsa. Ban sami komai ba. Ta kife katin a kan cinyarta ta ɗora hannu a kai.

"Hannunsa dai har yanzu kamar na kaza," ta ce.

"Mene ne na ƙarshen?"

"Ustaza guda, mai harafi tamanin?"

"Sawsan."

"Ba ki gaishe ni da kyau ba, ba ki tambayi Kawunki ba."

"Na yi miki laifi," na ce. Da ƙyar ta fito, kamar ana zare mini ƙaya.

"Kin yi." Ta tura mini ɗaya kujerar da ƙafa. Ta sauke 'yar tukunyar daga kan gawayi, ta ɗauko finjali ɗaya ta ɗauraye, ta zuba har baki. Ƙamshin citta ya tashi. Ta miƙo mini da hannun hagu, don na daman na kan katin.

"Ba na karatu da mai azumi," ta ce. "Sha tukuna. A bakin ƙofa za ki sha, inda matan famfo za su gan ki."

Na karɓa. Da zafi, har yana ƙona mini yatsu. Na tashi na nufi ƙofar.